Malam Tantani

A Rano kowa Malam Tantani yake ce wa yayana Maharazu. Ɗaliban sakandaren da yake koya wa kimiyya ma sun ɗauka sunan yanka ne. Ni Barakatu kuwa duk na ji sunan sai raina ya ɓaci, don na san inda ya samo asali.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Yaya yana digiri na biyu, an kuma sa ranarsa da Huseina, 'yar Alhaji Isiyaku mai shanu na Fammar. Suna son juna kamar me. Kwatsam sai wani ɗan garinmu Zinyau ya dawo daga birni da labari: ya ga ɗan Malam Badamasi, wato Yaya, a kwata da sassafe, hannu duk jini, yana cusa hantar saniya cikin ƙanƙara.

Innalillahi! Ɗan malami guda ya zama mahauci? Babanmu ko karatun safe bai iya bayarwa ba ranar. Alhaji Isiyaku kuwa ya aiko cewa shi bai yi kiwon saniya shekara hamsin don ya ba mai fiɗarta 'ya ba.

Aka kira Yaya, aka zaunar da shi a zaure gaban Babanmu da Alhaji Isiyaku. Ni ina laɓe a bayan ƙyaure.

Ya ce, "Baba, bincike nake. Idan jiki ya narkar da kitse, akwai wani abu da ke fita, gilisarin, irin wanda mata ke shafawa lokacin sanyi. Hanta ce ke karɓarsa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ɗan murhun da ake ƙona abinci, tantani ya kewaye shi. To a jikin tantanin nan akwai wani ma'aikaci, enzayim ake ce masa. Gindinsa a dase cikin tantanin, bakinsa a waje. Shi ke zare ƙarfin da ke cikin gilisarin ya miƙa ciki, kamar mai tsayawa a bakin ƙofa yana miƙa tulu. Siffarsa nake son ganewa, kuma da an raba shi da tantanin sai ya lalace. Shi ya sa nake neman hanta da ɗuminta."

Wallahi ni na gane. Amma dattawan nan kalma uku kawai suka tsinta.

Alhaji Isiyaku ya ce, "Kitse, hanta, tantani. Malam, ka ji da kunnenka. Wane ne ke wannan zance in ba Sarkin Fawa ba?"

Ya ce sharaɗinsa ɗaya: Maharazu ya rantse ba zai ƙara sa wa hantar dabba wuƙa ba. Yaya ya roƙi wata uku kacal ya ƙarasa. Alhaji ya ce ko kwana uku. Na zaci Yaya zai tashi ya kaɗe rigarsa. Sai kawai na ji ya ce, "Na rantse, Baffa." Saura kaɗan in faɗo cikin zauren! Aikin shekara biyu fa, mutumin nan ya ajiye a kan tabarma.

Aka yi aure, ya kama koyarwa, sunan tsokana ya bi shi. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Ni ce dai na ƙi gaisa da mutanen Fammar har shekara guda.

Kowace babbar Sallah shi ke yanka ragonsa, amma da an zo kan hanta sai ya ja da baya, Huseina ta yanka. Shekarar da Alhaji Isiyaku ya rasu, ina gidan ranar layya. Huseina ta ɗauko hantar tana tururi, ta miƙa masa da wuƙa.

Ta ce, "Malam, wanda ka yi wa rantsuwar ya tafi. Ka koma ka ƙarasa."

Ya kalli hantar. Sannan ya ce, "Ai wasu sun riga sun gano siffarsa. Na ga hoton a waya, shekara shida ke nan. Kusan yadda na zata yake."

Shekara shida, ko ni bai faɗa wa ba! Huseina ta zauna daɓas a kan turmi. Shi kuwa ya ce mata ta yanka kafin ta huce, yara na jira.