Keken Ɗinkin da Aka Ba Maharazu

Maharazu ba ya tuna ranar da ya taɓa tsayawa da ƙafafunsa. Yana ɗan shekara uku a ƙauyen Kusa cutar shan inna ta shanye su, da ya tasa mahaifinsa ya kai shi Jibiya wurin wani maɗinki ya koyi allura. Lokacin da kuɗin arzikin man fetur suka fara hauka a ƙasar nan, ya shekara ashirin a rumfarsa ta bakin hanyar Maraɗi, dab da shingen kwastan, yana yi wa manyan riguna aikin hannu. Aska biyu, aska takwas, duk wanda mutum ya zaɓa. Fataken Nijar kan bar masa yadi in za su wuce Katsina, su karɓi riga bayan wata biyu. Yana da matarsa Luba, da 'ya'ya huɗu, da awaki, da rediyo mai batir. Abu ɗaya ne bai sani ba: ashe yana cikin wahala. Sai da aka taso daga Kaduna aka sanar da shi.

Wata Talata a shekarar 1975 farar fijo ta tsaya a gaban rumfar. Wani Malam Rabe ya fito, jami'in wani kwamiti na taimakon naƙasassu, mai hoto yana biye da shi.

“Mun zo mu raba ka da bara,” in ji shi.

“Ranka shi daɗe, ban taɓa yin ta ba.”

“To ka ga amfanin zuwa da wuri.”

Mai hoto ya dubi rigar da ke jikin Maharazu, shuɗiya mai aikin siliki, ya ce ba za ta yi ba, manya za su zaci shi ne ya kawo taimakon. Sai da Luba ta shiga gida uku kafin ta samo aron yagaggiya. Aka sa masa, aka yi jawabi, aka yi tafi, sannan aka yaye ƙyalle daga kan kyautar. Keken ɗinki ne sabo fil, irin wanda ake takawa da ƙafa.

Maharazu ya dubi keken, ya dubi ƙafafunsa.

“Malam, da mi zan taka?”

“Wannan ba ɓangarenmu ba ne,” in ji Malam Rabe, yana shiga mota. “Mu na sana'a ne. Ƙafa ta 'yan lafiya ce.”

Keken ya yi mako biyu kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Luba ce ta tuna da Arzika, makahon da ke tufkar igiya a bayan masallaci, ƙaton mutum mai ƙwauri kamar taɓarya. Aka kira shi, aka zaunar da shi ta bayan keken, ƙafafunsa a kan abin takawa, aka ɗora Maharazu a benci ta gaba yana riƙe da yadi.

“Taka!” in ji Maharazu. “Tsaya! Arzika, tsaya mana, ba Maraɗi za mu ba!”

Ranar farko sun karya allura huɗu, sun ɗinke wuyan rigar wani ɗan duwan, wato kwastan na Nijar, ruf. Kafin wata ya zagayo sun saba. Keke ya riƙa haɗa riga cikin yini guda, Maharazu ya samu sararin zama da zarensa ya ƙawata aljihu da ƙirji yadda yake so. Direbobin da ke jiran a duba musu kaya kan taru su yi kallo, mafi yawansu kuma sai sun bar yadi.

Bayan wata huɗu Malam Rabe ya dawo, wannan karon da akori-kura. Ya ga mutum biyu a kan keke ɗaya, ya yi murna ƙwarai, ya zaro biro ya rubuta cewa shirin ya ninka. Daga nan ya ce a ɗora keken a mota.

“Ina za a kai shi?” in ji Luba.

“Bugaje. Gobe akwai bikin bayar da shi. Guda ɗaya ne ya iso, sauran suna cikin jirgi a Ikko, suna bin layi bayan siminti.”

“Ashe aro ne?”

“Kyauta ce, uwargida. Ai ga takardar shaida.”

Ya miƙa mata takarda mai hatimi, motar ta tashi.

Arzika bai koma bayan masallaci ba. Ya kwaso igiyarsa ya dawo rumfar, yana tufka, yana naɗe wa Maharazu zare, ya kuma gane siliki da auduga da yatsa fiye da masu ido. Wani direba ne ya kawo musu labarin Bugaje: wani bawan Allah da kuturta ta cinye wa yatsu aka ba keken.

“Yana da ƙafa?” in ji Arzika.

“Lafiyayyu.”

Maharazu ya tsinke zare da haƙori. “Kai, gwamnati ta fara gane aiki.”

Shekara goma sha ɗaya suka ƙara yi tare a rumfar, suna musu a kan ko wane ne ubangida.