Harsashin da Ya Maƙale a Bindigar Yaya

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na riƙe hannun yayana a wata gonar tumaki da ke bayan Manchester.

Yayana injiniya ne, mazaunin unguwar Levenshulme a Manchester, kuma yana da lasisin bindiga. Manomin da muke sayen ragon layya a wurinsa ya yi masa kukan diloli suna ɗauke masa 'yan tumaki, Yaya kuwa ya ce ya bar masa aikin. Bindigar tsohuwa ce ta sojoji, ta girme mu duka. Harsashinta na asali ya yi wa dila nauyi, don haka Yaya da kansa yake ɗura marasa nauyi a ɗan ɗakin katakon da ke bayan gidansa: ya jera kwanso, ya auna albarushi ya zuba, ya dasa harsashi a kai. Dokarsa ɗaya ce, in ya fara zuba albarushi ko matarsa ba ta yi masa magana.

Wata Juma'a na ɗauko Baffanmu daga masaukinsa a unguwar Perry Barr, ya zo ganin likita daga Kano. Baffa bai san wata doka ba. Ya wuce kai tsaye ɗakin katakon, ya rangaɗa sallama. To wa zai zauna Baffa na tsaye? Yaya ya ajiye ma'auni ya durƙusa. Gaisuwar Baffa kuwa ba ta gaggawa ba ce, sai da ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Da muka fito na ga Yaya ya tsaya yana duban kwanson kamar mai lissafi, sannan ya ci gaba. Na lura, amma na ja bakina, don ni ba abin da na sani a harkar.

Washegari da hantsi muka je gona. Ni matsoraci ne a kan bindiga, ban ɓoye ba, rakiya kawai na yi. Yaya ya kwanta bayan katangar duwatsu, ya toshe kunnuwansa da abin kare ƙara. Nawa yana matse ni, na zame shi zuwa wuya. Can sai ga dila ya sulalo ta gefen shinge, ya nufi wani ɗan tunkiya da ya ware daga uwarsa.

Yaya ya ja kunama. Maimakon tsawar da na ƙanƙame jiki ina jira, sai na ji wani ɗan “faf”, kamar an buɗe kwalbar lemo. Dila ko gezau. Yaya bai ji ba, idonsa na kan dabbar, tuni ya fitar da kwanso ya tura sabon harsashi.

Ban san lokacin da na cafke hannunsa ba. “Yaya, tsaya! Wallahi ƙarar nan ba daidai ba ce!”

Ya fizge, ya harare ni. “Kai, lafiyarka? Sake ni, fox ɗin zai tafi da lamb ɗin mutane!”

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Amma na ƙi saki. Muna kallo dila ya sunkuci ɗan tunkiyar ya bi ta ƙasan shinge.

Yaya ya yi tsaki, ya zare harsashin, ya cire ƙarfen baya, ya ɗaga bindigar sama ya leƙa bututun don ya ƙaryata ni. Ya daɗe yana leƙawa. Haske ba ya wucewa. Kwanson da gaisuwar Baffa ta faɗo a kansa ba a zuba masa albarushi ba, ɗan tartsatsin gindin kwanson kawai ya tura harsashin, ya maƙale ya toshe hanya. Da ya harba na biyu, a fuskarsa bindigar za ta tarwatse.

Ya zauna daɓas a cikin laka, gumi na keto masa cikin wannan sanyi. Da ƙyar ya ce, “Kar ka gaya wa Antinka.”

Ban gaya wa matar tasa ba sai da shi ya faɗa da bakinsa. An rene mu a kan cewa ƙarami ba ya katse babba, kuma har gobe ina durƙusa wa Yaya. Amma ranar na gane akwai inda shiru ba ladabi ba ne. Da na yi irin biyayyar da aka koya mini, da gawarsa na rako gida.