Ruwa a Ƙwaryar Inna

Ranar kasuwar Kibiya, ga wata dattijuwar Bafulatana zaune a gindin darbejiya, awarwaro ya yi mata kanta a hannu, ƙwaryar nono a gabanta. Da ganinta, irin waɗanda ake saye wurinsu ba ɗanɗanawa ce.

Yau wani direba ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Inna, an sirka da ruwa."

Ta fara rantsuwa ke nan, jikarta 'yar shekara shida ta ɗago tana murmushi. "Ni na ƙara don ya cika. Baffa Hammadu ya nuna mini."

Ba ta daki yarinyar ba. Kifar da ƙwaryar ta yi, tana kallon ƙasa na shanyewa.

"Hammadu, ɗan cikina," ta ce. "Da sirki na shayar da shi?"