Malam Munzali, Mutumin da Ya Hana Jarkoki Fita

Ƙarfe bakwai ba ta cika Malam Munzali bai buɗe sito ba. Daga Dutsin-Ma yake tasowa bisa tsohon mashin ɗinsa zuwa gonar wani kamfanin noman tumatir da ke bakin madatsar ruwa ta Zobe, inda shekara goma sha tara ke nan shi ke riƙe da makullin ɗakin maganin feshi. Masu feshi za su jeru a ƙofa, shi kuwa hannuwansu yake fara duba. Wanda bai sa safar hannu da takunkumi ba, ba zai ga magani ba, ko da manaja na tsaye yana duba agogo. In an dawo da jarkar da ta ƙare, zai ɗauraye ta, ya ɗauki ƙusa da guduma ya huda gindinta wuri uku. Ba ya zama. Ko shayi a tsaye yake sha, idonsa na kan hanyar da ake bi da kaya.

Wannan huda jarka ita ta ja masa baƙin jini. Jarka ce mai kauri, mai cin lita ashirin da biyar, irin wadda kowace mace ke so don ruwa ko manja. Matan Kutawa, ƙauyen da ke maƙwabtaka da gonar, suka sa masa suna Maƙiyin Jarka. Shi mutumin Birchi ne ta ƙasar Kurfi, ya yi shekaru yana goyon famfon feshi kafin a ba shi sito, kuma har yau in ya ɗauki kofi za ka ga hannunsa na ɗan rawa saboda maganin da ya shaƙa. Bai taɓa kawo wannan hujja ba. Abin da yake faɗi kullum shi ne: "Ba ta fita."

Abin da ya sa aka san shi ya faru ne a bazarar shekara uku da suka wuce. Rijiyoyi sun ja baya, mata na tafiya mai nisa neman ruwa. Manajan gonar, Abdullatif, mutum ne mai son a ce kamfani ya kyautata wa maƙwabta, sai ya sa aka ware jarkoki arba'in kafin su kai ga guduma, aka wanke su da omo, za a raba a Kutawa a ɗauki hoto. Audi direba, wanda ya kawo motar ɗaukar kayan, ya ga komai. Ya ce da suka iso sun tarar sito a kulle, Malam Munzali na kai da kawo a gaban ƙofa.

"Malam, buɗe mana, mutane na jira," in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, ba ni buɗewa."

"An wanke su fa. Kuma daga babban ofis aka amince. Ka san abin da ƙin bin umarni ke jawowa?"

"Na sani."

Mata sun riga sun biyo motar. Iya Yahanasu mai kunu ce a gaba, ta ɗaga murya: "Kai Munzali, gadon gidanku ne? Mai kaya ya ce a ba mu, kai ɗan tsaro ka ce a'a? Sau bakwai za mu wanke, ɗaya da ƙasa. Abin da kare ya lasa ma haka ake yi mashi ya tsarkaka, balle roba."

Aka yi dariya, har da manaja. Audi ya ce nan ya ga fuskar Malam Munzali ta canza, don ya gane da gaske take, kuma duk wanda ke wurin haka ya yarda.

"Iya, wancan tsarki ne, kuma gaskiya ne. Wanga guba ce, cikin jikin robar take shiga. Zo ki wanke da hannunki."

Ya fito da jarka ɗaya. Iya Yahanasu ta wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, tana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. Ya cika ta da ruwa ya ajiye a inuwa, ya hau mashin zuwa wurin masunta, ya dawo da ƙananan kifin karfasa masu rai. Bayan azahar ya juye ruwan jarkar a baho ɗaya, ya zuba ruwan famfo a wani, ya raba kifin biyu. Aka zagaye bahunan ana jira. Shi ya kasa tsayawa wuri ɗaya. In kifin ya rayu, ya ƙi umarni a banza, aikinsa ya tafi, kuma gobe jarkoki arba'in na cikin gidaje. Kafin la'asar na baho na farko suka fara juyewa ciki sama. Na ɗayan suna ta yawonsu.

Babu wanda ya tafa. Manaja ya daɗe yana kallon bahon, sannan ya ce a huda su duka. Iya Yahanasu ta gyara mayafi ta ce, "To mun gani. Ruwan kuma cikin mi za mu zuba shi?" Aka dakatar da Malam Munzali mako biyu saboda ya kulle wa manaja ƙofa. Da ya dawo ya dinga bin ofis da maganar, har aka sayo sababbin jarkoki goma sha biyu aka raba wa matan. Ba su kai arba'in ba, kuma har yanzu akwai masu ganin shi ya rage musu rabo.

Malam Munzali, kai ne ka tsaya inda kamfani ya kamata ya tsaya da kansa. Haƙƙin maƙwabci kada a kai masa cuta gida, ko da sunan kyauta ne. Haƙƙin lebura ya koma wurin iyalinsa da lafiyar da ya fito da ita. Wannan nauyi na masu kamfani ne, sai ga shi shekara goma sha tara yana wuyan mai sito. Yaran da suka sha ruwa suka kwana lafiya ba su san sunanka ba, iyayensu kuma ba duka suka yafe maka ba. Ka san haka, ba ka fasa ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Da aka tambaye shi kyautar da yake so ta sallama, ya ce ba ya son agogon bango. "A rubuta cewa jarkar magani ba ta fita sai an huda, babban ofis ya sa hannu, a manna a ƙofa. Wanda zai zo bayana wataƙila yana da ƙananan yara, ba zai iya faɗa da manaja ba."

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka, Ya ba hannunka lafiya. Masu sito na sauran gonaki, da masu shagunan magani a Kurfi da Dutsin-Ma, ku yi koyi da shi. Ku kuma masu kamfanin, saura kwana goma sha ɗaya ya miƙa makulli, kuma takardar ba ta iso ba.