Kazar da Aka Ɗaure Tare da Inna

Inna ta zame a bakin rijiya da guga a hannu. Matar da ta tsufa tana kokawa da buhunan albasa a kasuwar Malanville, sai ga ɗan ruwan da ya zuba a ƙasa ya kayar da ita.

Likitan garinmu ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, amma hoto sai Kandi. A can aka ɗauki hoton, aka ce aiki sai Parakou. A Parakou suka ce hoton bai fito ba, a sake. Mai yin aikin ba zai taɓa ta ba sai mai duba zuciya ya gan ta, shi kuwa sai ranar da ya ga dama yake zuwa. Ƙarfen da za a sa mata ma mu za mu saya. A cikin likitocin babu mai magana da ɗan'uwansa, ni ce nake kai saƙo tsakaninsu kamar 'yar aike, kuma har yau haushinsu bai bar ni ba. Kuɗin albasar shekarar ya ƙare a mota da hoto, ba a kai ga aikin ba. Muka dawo gida.

Yayana ya kawo maɗori daga Toumboutou. Maɗorin ya ce a kamo kaza, ya karya ƙafarta a gabanmu kamar yadda suka gada, ya ɗaure da kara. Sannan ya shafa wa Inna magani, ya naɗe ƙugunta da zane.

"Randa kazag ga tat taka, ke ma kina takawa, Inna," in ji shi.

Daga ranar Inna ta sa aka juya shimfiɗarta ta fuskanci ƙofa. Da hannunta take watsa wa kazar tsaki, tana yi mata tsiya wai raguwa ce. Bayan Inna kuwa ya fara gyambo saboda kwanciya.

Wata safiya kazar ta miƙe, ta bi fara da gudu. Inna ta ce mu kama ta ita ma ta tashi, lokaci ya yi. Muka ɗaga ta ni da yayana. Ƙafar ta yi lilo kamar ba a jikinta take ba. Ƙarar da ta yi ba na son tunawa.

"Ku maishe ni," ta ce.

Kazar tana nan, har ta yi 'ya'ya. Inna ma tana nan kwance. Ranar da kazar ta taka ce Inna ta roƙe ni in juya mata shimfiɗa ta fuskanci bango, ta ƙara da cewa, "Ki riƙa ba ta tsaki, ɗiyata. Ba laihinta ba na."