Kyanwar Daji a Rumbun Acca

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a maganar kyanwa ina da ta cewa. Hedimastanmu ya taɓa gaya mana cewa ba wanda ya kamo kyanwa daga daji. Mutane ne suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. Ita ta kawo kanta aiki.

Shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira, a ƙauyenmu kusa da Kafanchan, ɓeraye suka tasa rumbuna gaba. Irin accar da zan shuka kaɗai ya rage a ciki. Ran nan da rana samari suka sa wa daji wuta don farauta, sai wata kyanwar daji ta tsallako shinge ta shige ƙarƙashin rumbun. Karnuka suka biyo ta, maharba na bayansu. Ƙanin matata ne a gaba, riƙe da damin ciyawa yana ci da wuta.

"Mijin yaya, matsa mu turara ta. Cinya taka ce."

Na dubi jinkar rumbun, busasshiya ƙayau, ga iska. Na tsaya tsakaninsa da rumbun.

"Naman da ya shiga gidan mutum na maigida ne," na ce. "Ko a gidanku ba a koya muku ba?"

"A gidanmu ba a auren kyanwa a kan yayata."

Ba wanda ya yi dariya. Tartsatsi ya faɗi kusa da ƙafata, na taka shi. A bayana kyanwar tana gurnani, irin wanda ake ji a ciki. Wani kare ya cusa kai, ya fito da hanci a tsage.

Matata ta fito daga madafa da tulu. Ta juye ruwan a kan wutar, da ƙanin nata gaba ɗaya.

"In ta taɓa min kaji," ta ce da ni, "kai zan turara."

Kyanwar ta taɓa su kuwa, ba sau ɗaya ba. Ba ta taɓa yarda na matso kusa da ita ba, ni da na tsaya mata. Amma da ruwan farko ya sauka na hau rumbun na zura hannu, accar na nan har gwiwar hannu.