Ba Ta Ji

Mai Guga ba ta taɓa haihuwa ba. Ƙaninta ne ya tafi yaƙi bai dawo ba, ya bar mata 'yarsa Auta, ta riƙe ta da dutsen guga da kaifin baki. Mace ce mai tsare mutunci: gara ka ce kayanta sun yi tsada da ka ce 'yarta ba ta da tarbiyya.

Da yaƙi ya yi tsanani aka kwashe malamar jinyar makarantar su Auta, wadda ke leƙa kunnuwan yara da idanunsu, aka kai ta asibitin sojoji. Ɗakinta aka cika da injin buga gwangwani. Wai taimakon ƙasa! Yaran da ko wankin rigarsu ba su iya ba, su ne daga azahar ke tsaye gaban ƙarfe yana dukan ƙarfe, ladansu kwanon gari.

Wata rana shugaban aikin ya biyo ta layin su Mai Guga. "Baba, 'yar nan taki fa ba ta ji. Sai in yi ta magana tana kallon bango."

Kunya ta kama Mai Guga har wuya. "Ba ta ji? A gidana? To yau za ta ji."

Ta zane ta. Washegari ta kira ta daga ɗaki, shiru, ta ƙara mata. Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. Malami ya ce ba ta ji, maƙwabta suka ce ba ta ji, duk cikinsu ba mai hankalin da ya tsaya ya saurari abin da bakinsa ke faɗa.

Rannan Auta na ninke kaya, dutsen guga ya suɓuce ya faɗi a bayanta, ƙarar har kajin maƙwabta suka watse. Yarinyar ko gezau. Mai Guga ta matsa, ta ɗage mata ɗankwali, ta ga ruwa ya bushe a bakin kunnen.

Ta ja ta sai makaranta. Shugaban makaranta ya ce ajin kurame an rufe shi, malaminsu ma soja ya zama. Shi kuwa shugaban aiki har da murmushi: "Ai faɗuwa ta zo daidai da zama, Baba. Sai mu mayar da ita babban inji, ƙara ba za ta dame ta ba."

"Ka kai uwarka," in ji Mai Guga. Ta bar musu kwanon garinsu.

A gida ta zaunar da Auta, ta durƙusa gabanta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. "'Yar ƙanina, ki yafe mini. Ban sani ba."

Auta ta ga bakin goggonta yana motsi. Sai ta ɗaga hannu ta kare kanta.